Jingar yara: da dawowa, bayan wasa, ko bayan abincin dare?

Tara saura kwata na daren wata Talata na leƙa falo, na tarar da ɗana na tsakiya ya kifa kai a kan littafin lissafi. Fensir na nan maƙale a hannunsa, yawu ya jiƙa tambaya ta huɗu cikin goma da aka ba shi. Da na taɓa kafaɗarsa sai ya zabura ya ce, "Mama, ba barci nake ba." Ga shatin gefen littafin kuwa kwance a kumatunsa. Tun daga daren na bar kiran yaron malalaci, na koma duba yadda ni da babansu muka tsara yammacin gidan.

Daga dawowar yaro zuwa kwanciyarsa, abin da ke hannun iyaye bai wuce awa biyar zuwa shida ba. A ciki ake so ya ci abinci, ya huta, ya yi wasa, ya yi wanka, ya kama wa manya ɗan aiki, ya haɗa jakar gobe, sannan ya yi aikin da malami ya ba shi ya yi a gida, wato jinga. Sauran abubuwan duk suna iya matsawa gaba ko baya ba tare da an ji kan kowa ba. Jinga ce uwar rigima, kuma wuri uku kaɗai ake iya ajiye ta: da zarar yaro ya shigo, ko bayan ya ci ya yi wasa kafin duhu, ko bayan abincin dare. Na gwada duka ukun a kan 'ya'ya uku, mai shekara 13, mai 9 da auta mai 6, kuma kowanne ya nuna mini amfaninsa da aibinsa.

Kafin a zaɓi ɗaya, akwai lissafin da ya kamata a fara yi, kuma daga baya ake faro shi. A 2016 cibiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da adadin barcin da yara ke buƙata, ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar kuma ta amince da shi: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. To, yaron firamare da ake tasa ƙarfe shida na safe, in ana so ya samu ko da mafi ƙarancin adadin ne, dole ƙarfe tara ta same shi cikin barci. Ba yana wanke baki ba, ba yana neman safa ba, barci. In ana son ya samu awa goma, to takwas. Wannan lokacin shi ne turken da ake ɗaure komai a jikinsa. Duk tsarin da yake cin lokacin barci, komai kyansa a takarda, bashi ne ake ci, kuma malamin aji ne zai biya shi washegari da yaro mai hamma.

Na farko: da zafi-zafi

Masu wannan ra'ayi hujjarsu ita ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Yaro ya shigo, ya cire kayan makaranta, ya sa wani abu a cikinsa, ya zauna ya gama, sauran yinin nasa ne. Gaskiya tsarin na da daɗi ga uwa. Babu "saura minti biyar, Mama", babu farautar yaro daga wajen wasa. In littafi aka manto a aji, ko ba a kwafi tambayar daidai ba, da sauran rana za a gane, a kira iyayen wani ɗan ajinsu tun ba su kwanta ba. Ga hasken rana, wanda ya fi kowace fitila sauƙi ga ido.

Akwai kuma yaran da wannan tsarin ya dace da halinsu. Babbar 'yata tana cikinsu tun tana ƙarama. In da aiki a jakarta ba ta jin daɗin wasa, rabin hankalinta na kan littafin. Irin wannan yarinya in ka tilasta mata hutu, azaba ka ba ta.

Amma hujjar da aka fi kafawa, cewa darasin na nan sabo a kansa, ba ta kai ƙarfin da ake zato ba. Gaskiya ne mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna haka tun 1885, lokacin da ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa. Sai dai shi ɗin ne kuma ya lura cewa maimaici da aka rarraba da tazara ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya kama kai. Yaron da ya ɗan manta sannan ya yi fama ya tuno, abin ya fi zama masa fiye da wanda ya kwafo shi da ɗuminsa. Don haka tazarar awa biyu ba asara ba ce.

Babban aibin tsarin shi ne yaron da ake zaunarwa ya riga ya yi awa shida ko bakwai a zaune, yana danne kansa: kada ya yi surutu, kada ya tashi, kada ya rama. Da ya taka ƙofar gida sai duk abin da ya haɗiye ya nemi hanyar fita. Shi ya sa malama za ta ce maka ɗanka salihi ne, kai kuwa kana ganin yadda ya jefar da takalmi ya fashe da kuka saboda ƙanwarsa ta zauna a kujerarsa. Na tsakiyan nawa haka yake. Aikin minti ashirin sai ya ja shi awa ɗaya da rabi: fiƙe fensir sau uku, shan ruwa sau biyu, zuwa banɗaki, sai kuma magogi ya faɗa ƙarƙashin tebur. Ya rasa wasan, aikin kuma bai yi kyau ba. An yi ba a yi ba.

Sannan a gidan da uwa da uba duk suna wurin aiki har yamma, wa zai duba? Mai reno ko kaka za su iya cewa "zauna ka yi", amma in ya maƙale a rabawa mai saura, nan zai tsaya har a dawo.

Na biyu: ci, wasa, sannan littafi

Wannan shi ne a bar yaro ya ci, ya sake, ya fita ya yi gudu kamar awa ɗaya, sannan a kira shi ya zauna kafin a zuba abincin dare. A ganina ga yawancin 'yan firamare wannan ne ya fi, kuma zan faɗi dalili, duk da cewa shi ne ya fi wahalar riƙewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 a rana na motsa jiki, irin wanda numfashi ke ƙaruwa, gumi ya fito. Hutun tara na makaranta da darasin motsa jiki na sau ɗaya ko biyu a mako ba sa cika wannan. In ba a samu awar nan tsakanin dawowa da faɗuwar rana ba, ba za a same ta ba, domin bayan duhu babu mai barin ɗansa a waje. Jinga tana iya jiran duhu, ƙwallo da keke ba sa iyawa. Wannan kaɗai ya isa ya sa wasa ya riga littafi. Kuma duk wanda ya zaunar da yaro bayan ya gudu ya sha ruwa ya san bambancin: ƙafafun sun daina kaɗawa a ƙarƙashin tebur.

Wahalar tana wajen kira. Yaron da wasa ya yi wa daɗi, kunnen ƙashi gare shi. Abin da na gani yana aiki shi ne a ɗaure lokacin da wani abu da yaron ke iya gani ko ji da kansa, ba da bakin uwa ba: ƙararrawar agogo, ko kunnuwar fitilar waje, ko dawowar babansa. Da agogo ba a jayayya. Makonni biyun farko sai da na yi ta fama, bayan nan auta ce ma ke ruga wa yayanta da "Yaya, agogo ya yi ƙara!", don ita tana jin daɗin ba da umarni.

Akwai tarko biyu a cikin wannan hutun, kuma su ne ke rusa tsarin a yawancin gidajen da suka ce sun gwada bai yi ba.

Na ɗaya shi ne allo: talabijin, waya, wasan kwamfuta. Hutun da aka yi a gaban allo ba ya ƙarewa da kansa. Wasan ɓuya yana ƙarewa in an gaji, amma bidiyo an gina shi ne ta yadda ɗaya na ƙarewa wani na farawa. Raba yaro da waya a tsakiyar kallo a ce ya kama lissafi, kamar ƙwace nama ne a bakin kura. In za a yi kallo, a ajiye shi bayan jinga, ya zama abin da ake ɗoki, ba abin da ake yankewa ba.

Na biyu shi ne barcin yamma. Tun daga tashin safe wani sinadari da ake kira adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa nauyin ido in dare ya yi. Barci yana kwashe shi. Yaron da ya kwanta ƙarfe huɗu ya tashi shida ya zubar da wani kaso na abin da ya tara, don haka ƙarfe goma idonsa tar, da safe kuma sai an yi da gaske kafin ya tashi, ya dawo a gajiye, ya sake kwanciya ƙarfe huɗu. Haka abin ke ta juyawa. In yaro ba ya iya kai dare sai ya runtsa, a bar shi minti ashirin zuwa talatin da dawowarsa, a tashe shi. In kullum sai ya yi awa biyu, ba hutun yamma ne matsalarsa ba, barcin darensa ne bai isa ba.

Na uku: bayan abincin dare

Ba wanda ke zaɓar wannan don sha'awa. Yawanci hali ne ke kawo shi: sai bakwai uba ko uwa ke shigowa, kuma su kaɗai ne za su iya zama da yaron. Amfaninsa a fili yake. Gida ya yi shiru, tukunya ta sauka, babba yana kusa kuma hankalinsa ba a rabe yake ba. Ga uban da ba ya ganin 'ya'yansa sai dare, wannan rabin awar ce kaɗai yake sanin abin da ake koya musu.

Ga ƙaramin yaro kuwa, nan ne aka fi yin asara. Ciki ya cika, jiki ya mutu, sinadarin melatonin mai shirya jiki don barci ya fara tashi. Abin da zai gane cikin minti biyar da rana, yanzu sai an maimaita sau huɗu. Babban da ke koyarwar shi ma a gajiye yake, haƙurinsa ya ƙare tun a hanya. Mafi yawan tsawar da na taɓa yi wa 'ya'yana a kan karatu, bayan takwas na dare na yi ta, kuma ba na alfahari da hakan. Sannan babu wurin matsawa: in aikin ya yi tsawo, daga barci za a yanka, babu wani wuri.

Amma ga matashi lissafin ya sauya. Da balaga agogon jiki kan ja baya da kusan awa biyu, melatonin ya riƙa makara, shi ya sa 'yar shekara 14 da ke kwance ƙarfe tara idonta biyu ba taurin kai take ba. Wannan ne ma ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun sakandare su fara darasi kafin 8:30 na safe. Babbar 'yata, wadda a da take gama komai da dawowa, yanzu tsakanin bakwai da rabi zuwa tara ne kanta ya fi aiki, aikin nata kuma ya yi yawan da ba ya shiga zama ɗaya. Mun raba shi biyu: mai wuya kafin abinci, karatu da bita bayansa. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa, tara da rabi littafi ya rufe, waya kuma ta kwana a falo. Likitocin yaran nan dai sun ce a kashe allo awa ɗaya kafin kwanciya, kada kuma ya kwana a ɗakin yaro. In aikin nata a waya ko kwamfuta ake yin sa, shi ne ake fara gamawa, na takarda ya zo ƙarshe.

Wani abin da ke sauya duk wannan lissafi shi ne yawan aikin kansa. A Amurka akwai ma'aunin da ƙungiyar malamai da ta iyaye suka daɗe suna goyon baya: minti goma ga kowane aji. Ɗan aji ɗaya minti goma, ɗan aji uku talatin, ɗan aji shida awa ɗaya. Harris Cooper na jami'ar Duke, wanda ya tattara bincike masu yawa a kan jinga ya fitar a 2006, ya samu cewa alaƙarta da cin jarrabawa tana da ƙarfi a sakandare, amma a firamare ba ta taka kara ta karya ba. Ƙasashe ma sun sa baki. Faransa ta hana rubutacciyar jinga a firamare tun 1956, ko da yake malamai da yawa ba su daina bayarwa ba. Sin a 2021 ta hana ta ga 'yan aji ɗaya da biyu, ta ce 'yan aji uku zuwa shida kada ta wuce awa ɗaya, ƙaramar sakandare kuma minti 90. Ban kawo waɗannan don a raina jinga ba. Tana koya wa yaro zama da kammala abu, tana kuma nuna wa iyaye inda yake tuntuɓe. Amma uwar da ta san wannan ba za ta hana ɗan shekara bakwai barci don tambaya uku da suka rage ba. Ni yanzu in lokaci ya cika, ja layi nake a ƙasan inda ya tsaya, in rubuta wa malama cewa ya yi minti arba'in, nan ya kai, in sa hannu. Malamar da ke ganin aiki cikakke kullum ba ta da hanyar sanin cewa da hawaye aka gama shi, ko da hannun uwa.

Batun malamin lesin ma a nan yake shigowa, domin shi ma lokaci yake ci daga awoyin nan biyar. In yaro na da giɓi takamaimai, misali bai iya karatu da kyau ba ko rabawa ta gagare shi, lesin na kwana biyu ko uku a mako yana da amfani ƙwarai, kuma gara a sa shi a gurbin jinga, malamin ya duba ta tare da shi. Amma lesin na kullum, a kan jingar makaranta, sannan shi ma ya bar tasa jingar, wannan makaranta ta biyu ce. Abin da ake sadaukarwa kullum shi ne wasa, bayansa barci. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sai da hukuma ta kafa dokar rufe wuraren lesin ƙarfe goma na dare, don a ga inda gasar iyaye kan kai in ba a taka mata birki ba. Haka ma ƙwallo, iyo ko wani koyon sana'a: a ranar da yaro ke da ɗayansu da yamma, tsarin farko ne ya dace, ya gama aikinsa kafin ya fita, tunda motsa jikinsa na jiransa a can. Ba laifi ba ne Litinin ta bambanta da Laraba, muddin kowace Litinin iri ɗaya ce.

To wanne za a ɗauka? In yaron ɗan firamare ne kuma akwai babba a gida kafin magariba, na biyu. In yaro ne mai damuwa da aiki, ko yana da wani abu da yamma, na farko, amma ko shi a ba shi rabin awa ya ci ya miƙe ƙafa. In iyaye ba sa dawowa sai dare, kada a jibge komai a na uku: yaron ya yi abin da zai iya shi kaɗai da rana, ya sa alama a kan waɗanda suka gagare shi, da dare a zauna minti goma sha biyar a kan waɗannan kawai. Wannan ya fi, ko ba don lokaci ba, domin yaron da uwarsa ke zaune a gefensa tun tambaya ta farko ba ya koyon fama da kansa. Yana ɗaga kai ne ya karanta amsa a fuskarta. Na uku zalla kuwa a bar wa matasa, da lokacin rufe littafi da kowa ya sani.

Abu ɗaya ne bai da alaƙa da wanda aka zaɓa, shi ne haɗa jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar da ake so uba ya sa wa hannu, kayan motsa jiki, kwalin da malamar zane ta ce a zo da shi, duk a daren ake tono su, ba bakwai saura na safe ba ana tsaye a bakin ƙofa. A gidanmu jinga ba ta ƙare ba sai jaka ta rufe an jingine ta kusa da takalmi.

Yanzu na tsakiyan yana shigowa wajen uku, ya ci, ya ɓace. Biyar da kwata agogon kicin ke ƙara. Yakan shigo da ƙura har gwiwa, ya wanke hannu, ya zauna a gefen teburin da nake aikin girki, inda zan ji shi ba tare da na tsaya a kansa ba. Auta na gefensa da nata layi biyu na rubutu, ta gama cikin minti goma ta koma zane. Yawancin ranaku kafin shida ya rufe littafi. Ranar Alhamis da ta wuce kam bai rufe ba, an ba su tambaya ashirin a kan kason lamba, ya yi sha uku, na ja layi. Takwas da rabi da babansu ya leƙa ɗakin, ya same shi ya yi barci da safa ɗaya a ƙafa.